Chocholow: Ƙauyen katako na Foland da ya yi wa daular Ostiriya tawaye saboda daji

Chocholow ƙauye ne a kudancin ƙasar Foland, a gindin tsaunukan Tatra, dab da iyakar Sulobakiya. Mazaunansa dubu ɗaya ne da 'yan kai. 'Yan ƙasar suna furta sunan kamar "Hohowuf", kuma sun san shi da abubuwa biyu. Na farko shi ne jerin gidajen katako na ƙarni na 19 da ke gefen babbar hanyarsa, waɗanda ake wanke bangonsu da ruwa da sabulu sau biyu a shekara. Na biyu shi ne tawayen watan Fabrairun 1846, lokacin da manoma da makiyayan ƙauyen suka ɗauki makami suka far wa jami'an daular Ostiriya, a daidai makon da manoman wasu sassan lardin suka goya wa daular baya suna karkashe masu gandu.

Gidajen da tawayen tushensu ɗaya, wato dajin da ke kan tsaunuka. Daga cikinsa aka saro itacen ginin, kuma rikicin mallakarsa na cikin manyan dalilan da suka tunzura mutanen. Sama da shekara 200 ke nan ana jayayya a kan wanda ke da iko da wannan daji, tsakanin ƙauyawa da masu sarauta, sannan tsakaninsu da gwamnati, yanzu kuma tsakaninsu da masu rajin kare muhalli.

Inda ƙauyen yake

A tsarin mulkin Foland na yau, Chocholow yana cikin ƙaramar hukumar Czarny Dunajec, a gundumar Nowy Targ, ta lardin Malopolska wanda Krakow ce hedikwatarsa. Tsakaninsa da Krakow kimanin kilomita 80 ne a miƙe, tsakaninsa da Zakopane, garin shaƙatawar da ya fi kowane suna a tsaunukan ƙasar, kimanin kilomita 17. Yana kan tudu mai tsayin sama da mita 700 daga gaɓar teku, a bakin kogin Czarny Dunajec, wanda garin hedikwatar ƙaramar hukumar ya ci sunansa.

Yankin baki ɗaya ana kiransa Podhale, ma'ana ƙasar da ke ƙarƙashin makiyayar tsauni. A kudu tsaunukan Tatra ne, mafi tsayi a cikin jerin tsaunukan Karpatiya. Ƙololuwar Rysy mai mita 2,499 ita ce wuri mafi tsayi a Foland, Gerlach kuwa mai mita 2,655 tana ɓangaren Sulobakiya. A arewa akwai wani faffaɗan kwari mai fadamu cike da ruɓaɓɓun tsirrai da suka taru tsawon dubban shekaru, waɗanda mutanen yankin suka daɗe suna haƙa suna busarwa don yin makamashi.

Ɗan tudun da ke yamma da ƙauyen yana raba ruwan Turai gida biyu. Ruwan saman da ya sauka a ɓangaren Chocholow yana bin Czarny Dunajec ya shiga Dunajec, daga nan ya faɗa kogin Wisla, ya ƙare a tekun Baltik a arewa. Wanda ya sauka 'yan kilomitoci kaɗan zuwa yamma yana bin kogin Orawa da Wag ya shiga Danube, ya ƙare a Baƙin Teku a kudu maso gabas.

Ƙasar ba ta noma ba ce sosai. Akwai tsakuwa, sanyi yana da tsawo, dusar ƙanƙara takan lulluɓe gonaki wata da watanni, lokacin shuka kuma gajere ne. Abin da ke yi shi ne dankalin turawa, kabeji da hatsin ot mai jure sanyi. Akwai kuma wata iska mai ɗumi da ƙarfi da ake kira halny, wadda ke gangarowa daga tsauni ta narkar da ƙanƙara cikin sa'o'i, ta kware rufin gidaje, ta kwantar da itatuwa. A irin wannan wuri arzikin iyali yana ga tumaki da itace. Wanda aka hana shi shiga daji da makiyaya, an raba shi da abincinsa ne.

Talakawan sarki

An kafa ƙauyen a ƙarni na 16. Tarihin da aka adana ya nuna cewa Sarki Stefan Batory, wanda ya mulki Foland daga 1576 zuwa 1586 kuma ya gwabza yaƙe-yaƙe da Mosko, shi ya naɗa Bartlomiej Chocholowski dagacin wurin, sarauta ta gado, a matsayin tukwicin hidimarsa a fagen fama. Sarki Zygmunt na Uku ya tabbatar da wannan izini a 1592.

Mutanen da suka zauna a yankin gauraye ne. Wasu manoma ne 'yan Foland da suka hauro daga kwarin Wisla. Wasu kuma makiyaya ne da ake kira Walak, waɗanda suka biyo bayan tsaunukan Karpatiya daga kudu maso gabas tsakanin ƙarni na 14 da na 16, suka zo da tsarin kiwon tumaki a kan tudu da kalmominsa. Daga cakuɗuwar nan aka samu al'ummar Gorale, wato mutanen tsauni, masu karin harshe, tufafi da kiɗa nasu na daban. Har yau shugaban makiyaya ana ce masa baca, yaransa kuma juhas. Garke yakan hau tudu wajen ƙarshen Afrilu, ya sauko wajen ƙarshen Satumba.

Matsayin ƙasar a doka shi ne abin lura. A mafi yawan sassan Foland ta wancan zamani manomi yana ɗaure ne da gandun ubangidansa, yana yi masa aikin tilas na kwanaki a kowane mako, ba ya kuma barin ƙauyen sai da izini. Podhale kuwa ƙasar sarki ce, wadda wakilin fada ke kula da ita daga Nowy Targ. Mazaunanta suna biyan haraji da wasu hidimomi, amma nauyin bai kai na gandayen masu sarauta ba, suna da takardun izinin kiwo da saran itace, kuma suna iya kai ƙarar wakilin sarki gaban kotun fada. Sun sha yin hakan. Wannan ya sa suka taso da sanin cewa haƙƙinsu a rubuce yake, kuma ana iya ƙwato shi.

Yadda aka sayar da dajin

A 1770 sojojin Ostiriya suka mamaye yankin Nowy Targ. Shekara biyu bayan haka, a 1772, Ostiriya da Furushiya da Rasha suka yi rabon farko na ƙasar Foland a tsakaninsu, rabo na uku a 1795 ya shafe ta daga taswira har zuwa 1918. Ɓangaren da Ostiriya ta ɗauka ta sa masa suna Galisiya. Filayen da a da na sarkin Foland ne suka koma na baitulmalin daular.

Yaƙe-yaƙen Napoliyon sun bar baitulmalin a tsiyace, sai gwamnati ta yanka filayen Podhale kashi-kashi ta sa su a gwanjo. A 1819 aka sayar da kashin da ya haɗa da dazuzzukan yammacin Tatra da ƙauyukan da ke dogaro da su. Ga mutanen Chocholow wannan na nufin sun tashi daga talakawan sarki sun koma talakawan wani mutum guda, mai ikon ɗora musu aikin gandu da hana su sara.

Ƙauyuka bakwai suka haɗa kai don su fanshi kansu: Czarny Dunajec, Chocholow, Ciche, Dzianisz, Podczerwone, Witow da Wroblowka. Suka yi karo-karo suka tara kuɗin sayen filin. Sai dai dokar Ostiriya ba ta yarda a rubuta irin wannan babbar mallaka da sunan talaka ba. Don haka suka damƙa kuɗin a hannun wani limamin coci ɗan asalin yankin, Jozef Szczurkowski, domin a yi cinikin da sunansa a madadinsu. Da takarda ta fito, filin ya zama nasa a idon doka, amanar kuma ba ta koma ga masu ita ba. Daga bisani mallakar ta faɗa hannun wani basarake, Baron Kajetan Borowski, wanda ya riƙa neman aikin gandu daga mutanen da suka biya kuɗin ƙasar da aljihunsu.

Ƙauyukan suka garzaya kotu. Shari'ar ta ci shekara kusan 40, ana ta kai takardun koke har fadar Biyana, sai a shekarun 1860 ta ƙare da nasararsu. A tsakiyar wannan dogon jira ne shekarar 1846 ta riske su.

Daren 21 ga Fabrairu, 1846

'Yan kishin ƙasar Foland, musamman waɗanda ke gudun hijira a Faransa, sun shirya tawaye guda a dukkan sassan ƙasar uku, aka tsayar da daren 21 wayewar 22 ga Fabrairu. Asirin ya tonu tun kafin ranar. A ɓangaren Furushiya an kama jagoran sojan shirin, Ludwik Mieroslawski, da mutanensa da dama. A Krakow, wadda a lokacin ƙaramar jamhuriya ce ƙarƙashin sa idon dauloli uku, tawayen ya tashi amma bai kai mako biyu ba. An kashe ɗaya daga cikin jagororinsa, Edward Dembowski, a ranar 27 ga Fabrairu yana jagorantar jerin gwanon neman goyon bayan manoma.

Abin da ya fi karya tawayen shi ne manoman kansu. Akasarin masu shirin 'ya'yan masu gandu ne, kuma manomin Galisiya bai ga dalilin da zai sa ya mutu don 'yancin ƙasar da ubangidansa zai ci gaba da bautar da shi a cikinta ba. Jami'an Ostiriya suka yi amfani da wannan ƙullin, suka zuga manoma, suka yi alkawarin lada ga duk wanda ya kawo ɗan tawaye. A yankin Tarnow da kewaye, gungun manoma, waɗanda fitaccen jagoransu shi ne Jakub Szela, suka kashe mutum kimanin 1,000 daga cikin masu gandu da ma'aikatansu, suka lalata gidajen gandu kusan 500.

Chocholow ya bi wata hanya dabam. Mutum biyu ne suka shirya shi. Na farko Jan Kanty Andrusikiewicz, malamin makarantar ƙauyen kuma makaɗin coci, wanda ya daɗe yana koyar da karatu da tarihin ƙasa yana kuma da alaƙa da ƙungiyoyin ɓoye. Na biyu matashin limamin cocin, Jozef Leopold Kmietowicz. A daren da aka tsayar, mutanen ƙauyen suka far wa ofishin masu gadin iyaka na Ostiriya da ke cikin garin suka kwashe makamai. Daga nan suka tsallaka zuwa ofishin kwastan na Sucha Hora, wanda a lokacin yake ɓangaren masarautar Hangari, suka kuma nufi gidan jami'in kula da daji a Witow. Mutanen Witow, Dzianisz da Ciche suka mara musu baya, adadinsu ya kai ɗaruruwa, mafi yawa da lauje da gatari. Niyyarsu ita ce su gangara su haɗu da sauran 'yan tawaye a hanyar Krakow.

Ba su samu fita daga yankin ba. Masu gadin iyaka suka dawo musu da ƙarfi, tare da manoman Czarny Dunajec, maƙwabtansu kuma abokan ƙararsu a shari'ar daji, waɗanda hukuma ta ja zuwa ɓangarenta. An raunata Andrusikiewicz da Kmietowicz a arangamar, kuma cikin kwana biyu zuwa uku komai ya lafa. An kama mutum kusan 150. Jagororin biyu sun sami hukuncin ɗauri mai tsawo a kurkukun sansanonin sojan daular, sai afuwar da juyin juya halin 1848 ya tilasta ta fito da su. Andrusikiewicz ya rasu a 1850, Kmietowicz a 1859. Gabar da ta shiga tsakanin Chocholow da Czarny Dunajec ta daɗe ana gadonta.

Ta fuskar soja abin bai taka kara ya karya ba. Nauyinsa a tarihi ya zo ne daga bambancinsa da abin da ya faru a Tarnow. Manomin Tarnow yana ganin sarkin Ostiriya a matsayin mai kare shi daga ubangidansa. Manomin Chocholow kuwa yana tuna cewa a zamanin sarakunan Foland yana da izinin daji, daular ce ta sayar da shi, dokarta ce ta hana shi saye da sunansa, kotunanta kuma suke jan ƙafa. A wurinsa maganar 'yancin ƙasa da maganar gona da daji sun zama abu ɗaya. Marubutan Foland na baya sun ɗaukaka tawayen a matsayin shaidar kishin ƙasar talaka, wani lokaci har suna rage ambaton rikicin filin da ke ƙarƙashinsa.

Abin da ya biyo baya ya shafi lardin duka. A watan Nuwamban 1846 Ostiriya ta haɗiye Krakow. A 1847 cutar dankali da yunwa suka yi ɓarna a Galisiya. A watan Afrilun 1848 gwamnan lardin, Franz Stadion, ya sanar da soke aikin gandu na tilas, don ya riga 'yan kishin ƙasa samun zuciyar manoma.

Gidajen da ake wankewa da sabulu

Mafi yawan tsofaffin gidajen da ke tsaye yau an gina su ne a ƙarni na 19. Ana tsaga manyan kututturan itatuwan tsauni, dogaye miƙaƙƙu masu ganye kamar allura, gida biyu a tsaye, a jera su ɗaya bisa ɗaya, a sarƙe su a kusurwa. Ramukan da ke tsakani ana cusa musu gansakuka ko murɗaɗɗen ɓawon katako don tare sanyi. Rufin yana da gangara sosai domin ƙanƙara ta zame. Gidajen suna jere kusa da juna, ƙuƙumin kowanne yana kallon hanya, tagogi kuma suna fuskantar kudu inda rana take.

Tsarin ciki kusan ɗaya ne. Zaure a tsakiya, ɗaki biyu a gefe. Ɗaya ana ce masa baƙin ɗaki, nan murhu yake, nan ake girki da kwana da aikin hannu, hayaƙi ne ya ba shi sunan. Ɗayan farin ɗaki, na baƙi da bukukuwa da ajiyar tufafin ado. A kan babban azarar da ke riƙe da rufin ɗaki akan sassaƙa shekarar gini da zanen fure mai kunne shida. Gida mai lamba 24 ya yi suna saboda an ce daga kututturen bishiya guda aka fitar da katakon bangonsa na gaba, abin da ke nuna girman itatuwan dajin a da.

Ba a shafa wa bangon fenti. Kafin bikin Ista da kuma kafin bikin Jikin Almasihu, iyalai suna fitowa da bokiti da buroshi su goge katakon da ruwan sabulu har ya yi haske kamar zuma. Wannan ne ya sa gidajen da suka haura shekara 150 suke kama da sababbi.

A tsakiyar katakon nan gini ɗaya ne ya fita dabam, cocin Waliyi Jacek, na dutse, wanda aka gina tsakanin 1853 da 1873. Wani limamin coci ɗan ƙauyen, Wojciech Blaszynski, shi ya tara kuɗin aikin, kuma a wurin ginin ya rasu a 1866 sakamakon haɗari. A wani gida da aka gina a 1798 kuma aka buɗe gidan tarihin tawayen a 1978, reshe ne na Gidan Tarihin Tatra da ke Zakopane.

Salon ginin ya wuce iyakar ƙauyukan. Mai zane kuma marubuci Stanislaw Witkiewicz, wanda ya zauna a Zakopane daga 1890, ya nazarci gidajen Gorale ya fitar da abin da aka sani da salon Zakopane. Gidansa na farko a wannan salo, Koliba, an gina shi a 1892 zuwa 1893. A lokacin da Foland ba ta da ƙasa ko tuta, masana sun ɗauki ginin talakan tsauni a matsayin abin da za a nuna a ce wannan namu ne.

Iyakar da ta yi ta matsawa

Iyakar da ke bayan ƙauyen tsohuwa ce, amma ƙasashen da ke gefenta sun sha canzawa. Kafin 1918 ta raba Galisiya da Hangari ne, duka a ƙarƙashin gidan sarauta ɗaya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sababbin ƙasashen Foland da Cekosulobakiya suka yi jayayya a kan yankin Orawa da ke yamma. A ranar 28 ga Yulin 1920 taron jakadun manyan ƙasashe ya raba yankin, Sucha Hora da Hladovka suka faɗa Foland. A 1924 aka yi musaya suka koma Cekosulobakiya. A ƙarshen 1938, bayan yarjejeniyar Munik ta raunana maƙwabciyar, Foland ta sake karɓe su. A watan Satumban 1939 sojojin Jamus da na Sulobakiya suka kutsa Podhale ta wannan ɓangare, ƙauyukan biyu suka sake sauya hannu. Bayan yaƙin aka koma kan iyakar da.

A zamanin mamayar, 'yan Nazi sun yi ƙoƙarin raba Gorale da sauran 'yan ƙasa, suna cewa su wata al'umma ce dabam mai jinin Jamusawa. Suka sa wa shirin suna Goralenvolk, suka buga katin shaida mai harafin G. Wani ɗan siyasar yankin, Waclaw Krzeptowski, ya jagoranci masu ba da haɗin kai, mayaƙan ɓoye suka rataye shi a watan Janairun 1945. Wasu Gorale kuma suka kafa ƙungiyar turjiya ta Konfederacja Tatrzanska a 1941, wasu suka zama 'yan saƙon ɓoye masu tsallakar da mutane da takardu ta tsauni zuwa Hangari. Har yau batun yana da ɗaci a yankin.

Talauci ma ya buɗe wata hanyar. Tun ƙarshen ƙarni na 19 mutanen Podhale suke ƙaura zuwa Amurka, musamman Shikago, inda suka kafa ƙungiyar Gorale ta Arewacin Amurka a 1929. Kuɗin da suke aikowa gida ya gina gidaje da yawa a yankin.

Foland da Sulobakiya sun shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Mayun 2004, kuma ranar 21 ga Disamban 2007 aka ɗauke binciken fasfo a tsakaninsu. Wurin da 'yan tawayen 1846 suka kai wa hari yau ana wuce shi ba tare da tsayawa ba. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Nowy Targ da Sucha Hora an mai da ita hanyar masu keke.

Gandun daji, tumaki da ganawar 1983

Kudu da ƙauyen, bayan Witow, akwai kwarin Chocholowska, mafi tsawo a ɓangaren Foland na Tatra, kimanin kilomita 10. Ya ci sunan ƙauyen ne saboda mutanensa sun daɗe suna kiwo a can. Dajin da aka yi shari'a a kansa yana nan, kuma har yanzu na jama'a ne. Ƙungiyar da ke riƙe da shi ana kiranta Haɗakar Daji ta Ƙauyuka Takwas, bayan Koniowka ya shiga sahun bakwai na farko. Ofishinta yana Witow, tana kula da kimanin hekta 3,000.

A 1954 gwamnatin kwaminisanci ta kafa Gandun Dajin Tatra na Ƙasa, babban ɓangaren filin haɗakar ya faɗa cikinsa. A shekarun 1960 hukuma ta karɓe makiyayan tsauni da yawa daga masu su, ta fitar da tumaki, bisa hujjar cewa yawan kiwo yana zaizaye ƙasa. Hujjar tana da tushe, amma da tumakin suka tafi sai daji ya fara cinye filayen ciyawa da furanninsu. A 1981 aka dawo da kiwo mai ƙayyadadden adadi. Dajin haɗakar kuwa ya tsira daga karɓewa, ya zama fili mai zaman kansa a cikin gandun gwamnati.

A wannan kwari ne aka yi ɗaya daga cikin muhimman ganawar siyasar Foland ta zamani. Gwamnatin Janar Wojciech Jaruzelski ta kafa dokar soja ranar 13 ga Disamban 1981, ta tsare Lech Walesa, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc, kusan shekara guda, ta kuma haramta ƙungiyar. Da Fafaroma John Paul na Biyu, ɗan lardin wanda ya saba hawan waɗannan tsaunuka, ya kawo ziyara a 1983, ya nace sai ya ga Walesa. Hukuma ta yarda da sharaɗin a yi abin a keɓe, nesa da taron jama'a. Ranar 23 ga Yuni suka gana a masaukin matafiya da ke can ƙuryar kwarin. Wata guda bayan haka aka ɗage dokar sojan, a watan Oktoba kuma aka ba Walesa kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Chocholow a yau

Yawon buɗe ido ya maye gurbin noma a matsayin babbar hanyar samun kuɗi. A 2016 aka buɗe Chocholowskie Termy a gefen ƙauyen, ɗaya daga cikin manyan wuraren wanka da ruwan zafi a ƙasar, wanda ake jawo ruwansa daga zurfin kusan mita 3,600. A farkon bazara dubban mutane suna tururuwa zuwa kwarin don kallon furannin krokus masu launin shuni da ke ɓullowa bayan ƙanƙara ta narke. A 'yan shekarun nan baƙi daga ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun ƙaru a Zakopane da kewaye. Cukun tumaki mai hayaƙi da ake kira oscypek, wanda makiyaya ke yi a bukkokinsu, ya samu kariyar suna ta Tarayyar Turai a 2008, ta yadda ba a yarda wani ya sayar da cuku da wannan suna ba sai an yi shi a yankin bisa ƙa'idar gargajiya.

Kuɗin ya zo da nasa matsaloli. Babbar hanyar da ta ratsa tsakiyar tsofaffin gidajen tana ɗauke da motocin masu zuwa wanka da masu tsallaka iyaka. Yawancin gidajen suna ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi, don haka mai gida ba ya iya sauya fasalinsu yadda ya so, iyalai da yawa sun gina na bulo a bayansu. Da sanyi, hayaƙin kwal da itacen da ake ɗumama gidaje da su yakan taru a kwarin Podhale, abin da ya sa iskar Nowy Targ take cikin mafi gurɓata a ƙasar.

Jayayyar daji ma ba ta mutu ba. Haɗakar ƙauyukan tana sarar itace a filinta, ita ce kuma ke karɓar kuɗin shiga kwarin. Bayan iskar halny ta watan Disamban 2013 ta kwantar da itatuwa masu yawa a yammacin Tatra, ƙwaron da ke cin ɓawon itace ya bazu, haɗakar ta riƙa kwashe katako da manyan motoci. Masu rajin muhalli suna ganin bai dace a yi irin wannan sara a cikin gandun ƙasa ba, sun fi son a bar dajin ya farfaɗo da kansa. Mutanen ƙauyukan suna amsawa da cewa kakanninsu sun biya kuɗin filin, sun kuma kare shi a kotu shekara da shekaru kafin a san da wani gandu.

Kowace shekara a watan Fabrairu ana taron tunawa da tawayen 1846 a cocin Waliyi Jacek da harabarsa, mutane sanye da kayan Gorale. Czarny Dunajec, garin da mutanensa suka taya Ostiriya murƙushe tawayen, shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar da Chocholow ke ciki, kuma su biyun suna cikin ƙauyuka takwas da ke raba amfanin dajin.